Gahawar Badaru Ɗan Habasha

Duk Ƙofar Baru babu wanda bai san Badaru ya je Habasha ba. Ko kurma ne kai, sai ya yi maka nuni da hannu har ka gane. Gaskiyar zancen kuwa, ubangidansa ne ya tafi da shi Umara don ya riƙa riƙe masa jaka, jirginsu ya yada zango a Addis Ababa, suka yini a kan kujeru suna jiran wani jirgin. A nan ne ubangidan ya saya masa gahawa. Badaru ya ga wata yarinya ta ɗora mazurari a kan tulun gilashi, ta shimfiɗa farar takarda a ciki, ta zuba gari, tana tsiyaya ruwan zafi a hankali daga wata buta mai dogon wuya. Da aka miƙo masa bai iya shanyewa ba, ɗaci ya hana shi. Amma tun da ya dawo Daura ya koma shagonsa na fitilun sola da cajar waya, babu zancen da za a yi bai sako Habasha ba. In an ce rana ta yi zafi, ta Habasha ba haka take ba. In akuya ta haihu, na Habasha uku-uku suke zubawa.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Ya gina dakali a ƙofar gidansa, ya manna masa tayil, ya yi masa rumfar kwano, amma ba mai zama. Majalisar unguwa tana can ƙofar gidan Saminu tela, a kan tsofaffin tabarmi, saboda Saminu na dafa shayi irin na mutanen Nijar da ganyen da direbobi ke kawo masa daga Kongolam. Kowa can yake tafiya, har shi Badarun.

Wata rana bayan La'asar, Saminu ya miƙa masa ɗan ƙaramin kofin shayi, kumfa har baki. Badaru ya shanye, ya lashe leɓe, sannan ya girgiza kai.

"Wallahi tausayinku nake ji," in ji shi.

"Me ya same mu?" in ji Malam Sada, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, tsohon malamin firamare da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

"Duniya ta yi gaba, ku kuna nan kuna tafasa ganye kamar masu zazzaɓi."

"Ungo na biyu," in ji Saminu.

Badaru ya karɓa ya shanye. "A Habasha gahawa ake sha. Kuma ba ta gwangwani da masu shayi ke ɗiba da bakin cokali ba. Tatacciya. Ɗigo-ɗigo take sauka. Wanda ya sha ta sau ɗaya, ko kyauta aka ba shi wannan ruwan ganyen ba zai kalla ba."

"To kai da ka sha ta, ya na ga kana miƙo hannu za ka karɓi na uku?" in ji Malam Sada.

"Kara nake yi wa Saminu."

Dattijon majalisar, Alhaji Ɗantsoho, wanda ya tsufa a cinikin shanu a karar Mai'adua, yana kishingiɗe yana jan carbi. Shi ne in ya yanke magana ta yanku. Ya buɗe ido ɗaya.

"Badaru, ka iya haɗa abin nan ko labarinsa ka iya?"

"Alhaji, ni fa a gabana aka yi. Yarinyar da ke haɗawa ma sai da na gyara mata riƙon buta."

"To shi ke nan. Ranar Asabar bayan La'asar muna ƙofar gidanka. In ta fi shayin Saminu, majalisa ta koma dakalinka. In ba ta fi ba, kada mu ƙara jin sunan ƙasar nan a bakinka."

Badaru ya ce ya yarda. Ya ƙara da cewa Saminu ya fara neman wanda zai sayi kurfotinsa na gawayi tun yana da daraja.

Kafin Asabar kaya suka iso a motar Kano, daga wani ɗan kasuwa da Badaru ya samu lambarsa a waya. Ya zauna a tsakar gida ya kwance kwalin a gaban matarsa Hadijatu da mahaifiyarsa Inna Adama, yana ɗaga kowane abu sama kamar ana nuna kayan lefe. Ga mazurarin tangaran mai tsaga-tsaga a ciki. Ga tulun gilashi. Ga ƙunshin fararen takardun tata, kowace an naɗe ta da tsini a ƙasa da faɗi a sama. Ga butar ƙarfe mai ƙyalli, wuyanta siriri ya lanƙwasa.

Inna ta miƙa hannu ta ɗauki butar, ta jujjuya ta. Badaru ɗanta ne na fari, ba ta kiran sunansa.

"Kai wannan, Allah ya yi maka albarka. Dama tawa ta fara yoyo."

"Inna, ba ta alwala ba ce."

"Amin, amin," in ji Inna, ta shige ɗaki da ita.

Ya ce a ransa zai karɓo daga baya. Ya farke bakin buhun gahawar, don ya ce wa mutumin Kano a ba shi mai yawa, ba ɗan ƙulli ba. Sai ya tsaya. Ƙwayoyin da ke ciki kore-kore ne, ba su da ƙamshin komai sai na ciyawa.

Hadijatu ta leƙa. "Baban Rauda, wannan ai waken da bai nuna ba ne."

"Haka take. 'Yar asali ke nan."

"Kai ka ce baƙa ce."

"A can baƙa ce. Canjin iska ne."

Ya faki idonta ya fita zaure ya kira mutumin Kano. Mutumin ya ce ai ɗanya ya aiko masa, sai an soya ta, sannan a niƙa. Badaru ya dawo yana taku.

"Kamar yadda na faɗa miki, sai an soya ta tukuna."

"Yaushe ka faɗa?"

"Ba kya saurare ne."

Ranar Asabar da hantsi ya hura wuta a tsakar gida da kansa, ya ɗora babban kaskon suyar Hadijatu, ya tuttula man gyaɗa.

"Da mai ake yi?" in ji ta.

"Kin taɓa ganin suya ba mai?"

"Ni dai man nan na miya ne."

"Za ki ci miya da labari. Gobe matan unguwar nan za su riƙa nuna ki, ana cewa ga matar mai gahawa."

Ya juye ƙwayoyin kusan rabin buhu. Da farko suka yi shiru. Can suka fara tsalle suna fashewa, ɗaya ta same shi a goshi, ɗaya ta shige cikin rigarsa ta wuya. Yana rawar cire ta, waya ta yi ƙara, wani abokin ciniki na tambayar batirin fitila. Badaru ya tsaya yi masa bayanin abin da yake yi, da yadda ake yi a Habasha, da dalilin da ya sa mutanenmu ba sa ci gaba. Kafin ya gama, kaskon ya koma baƙi ƙirin, hayaƙi ya turnuƙe gidan ya haura katanga. Kajin Inna suka tsere waje. Hadijatu ta shige ɗaki ta ja labule.

Daga bayan katanga aka ji muryar Malam Sada yana salati. Kafin Badaru ya buɗe baki, ruwan bokiti guda ya haura katangar ya sauka a kansa daidai, ko ɗigo bai taɓa wutar ba.

"Ta mutu?" in ji Malam Sada daga can.

"Ba gobara ba ce, Malam. Ƙamshi ne."

"To a rage ƙamshin, jikata na tari."

Mutane sun riga sun taru a ƙofa da bokitai. Badaru ya fita yana ɗigar da ruwa ya sallame su, yana gaya musu cewa hayaƙin nan da suka shaƙa kyauta, a wasu ƙasashen layi ake bi a shaƙe shi.

Saura niƙa. Ya kwashe ƙwayoyin, baƙaƙe suna naso, ya nufi injin Kabo da ke bakin titi. Ya tarar da robobi da kwanuka na dawa da masara sun yi layi har bakin kwata, don ranar an kawo wuta kowa na sauri kafin a ɗauke. Badaru bai bi layi ba. Ya ce nasa na gaggawa ne, baƙi yake da su.

Kabo ya leƙa robar. "Gawayi kuma ake niƙawa yanzu?"

"Gahawa ce. Ka niƙa ta lukui, kamar hoda."

"To bari in kora da dusa, yanzu na gama niƙa wa masu tsire barkono."

"Dusa? A kan gahawata? Abincin awaki za ka haɗa min da abin da manyan mutane ke sha? Zuba haka."

Kabo ya zuba. Injin ya yi wani gurnani, ya shaƙe, ya yi tari, sannan ya fara fitar da wani abu baƙi mai danƙo, guntu-guntu. Abin da ya fito bai kai rabin abin da ya shiga ba. Kabo ya ɗauko sifana zai kwance bakin injin ya kankare sauran.

"Bar shi," in ji Badaru da ƙarfi don masu layi su ji. "Na bar wa unguwa. Duk wanda hatsinsa ya bi ta nan yau ya samu alheri. Ku gaya wa iyayen gidanku Badaru ne ya yi musu."

Kabo ya kalli layin, ya tuna wuta, ya ɗaga kafaɗa ya jawo roba ta gaba.

Da Badaru ya koma gida ya yi wanka, ya saka farar shaddarsa ta Sallah, ya ɗaura wani ƙyalle a gaba irin na masu aikin otal. Ya je ɗauko takardun tata a kan taga, ya tarar saura biyu.

"Maman Rauda, ina takarduna?"

"Tambayi Inna."

Inna na zaure a gaban farantin soyayyar gyaɗar da take sayarwa. Takardun na jere a gabanta, kowace cike da gyaɗa har baki, wasu kuma sun riga sun tafi da masu saye.

"Kai wannan, ka riƙa sayo irin waɗannan," in ji ta. "A naɗe suke zuwa, ba sai na wahala ba. Yau ciniki har ya fi na kullum."

Badaru ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya durƙusa ya roƙi aron butar. Inna ta ce ba ta taɓa samun butar da ba ta jiƙa mata zane ba sai wannan. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin ta dawo kafin kiran Magariba.

Bayan La'asar majalisa ta iso, har da waɗanda ba 'yan majalisa ba, don labarin hayaƙin safe ya zagaya har unguwar Shadambu. Aka shimfiɗa wa Alhaji Ɗantsoho darduma a tsakiyar dakali. Saminu ya zauna a gefe ya harɗe hannu. Malam Sada ya zo yana cin gyaɗa a cikin farar takarda mai tsini, Badaru ya yi kamar bai gani ba.

Ya jera kayansa a kan tebur, ya ɗora tukunyar ruwa a kan risho, ya gyara murya.

"Jama'a, wannan ba dafa-dafa ba ne, ilimi ne. Komai da awo. Gari da awo, ruwa da awo."

Ya jawo sikelin da ya aro a kemis, irin wanda mutum ke hawa ya ga nauyinsa. Ya ɗora kwano, ya zuba cokali ɗaya na gari. Allurar ba ta motsa ba. Ya ƙara biyu. Shiru. Ya ci gaba da zubawa yana murmushi har kwanon ya yi tozo, sannan allurar ta ɗan girgiza.

"Yauwa. Daidai ke nan."

"Na mutum nawa ne wannan?" in ji Saminu.

"Na Alhaji ne tukuna."

Alhaji ya daina jan carbi.

Da aka sauke kwanon, Malam Sada ya cire takalmi ya hau sikelin, ya sanar da jama'a cewa ya rame. Wasu mutum uku suka bi layi a bayansa. Sai da Badaru ya tura sikelin ƙarƙashin tebur hankali ya dawo kansa.

Ya saka takarda ta farko a mazurari. "Da farko ana jiƙa takarda da ruwan zafi, don kada warinta ya shiga gahawa." Ya ɗauki tukunyar da ke tafasa, ya manta da butar, ya kwara. Takardar ta narke ta bi ruwan ta faɗa cikin tulu.

"Ta jiƙu," in ji Malam Sada.

"Wannan ta gwaji ce."

Ya saka ta biyu, wannan karon bai jiƙa ba. Ya loda gari har baki ya danna da babban yatsa. Ya cika butar Inna da ruwan zafi, ya ɗaga ta sama, ya karkace kai, ya fara tsiyayawa yana zagaye hannu.

"Ana fara zuba kaɗan, a dakata. Gahawa za ta kumbura, ta yi numfashi. Sai ta farka sannan a ci gaba."

Aka dakata. Gahawa ba ta kumbura ba. Ruwan ya kwanta a samanta, mai ya taso yana ƙyalli.

"Ko ta rasu ne?" in ji wani daga baya.

"Nauyin barci ne da ita. Doguwar tafiya ta yi."

Ya ƙara ruwa har ya kai bakin mazurari. Kowa ya sunkuyo yana kallon ƙasan tulun, ana jiran ɗigon farko. Mai rake ya zo ya wuce. Wani ya je gida ya ɗaure tunkiyarsa ya dawo. Alhaji ya fara gyangyaɗi. Can sai wani baƙin ɗigo ya leƙo daga bakin mazurarin, ya yi lilo, ya yi kamar zai sauka, sannan ya tsaya a nan.

"Ko shi ma tsoro yake ji," in ji Malam Sada.

"Badaru," in ji Saminu a hankali, "in je in hura gawayi kafin nan? Mu sha mu jira."

Wannan magana ce ta tunzura Badaru. Ya zaro cokali ya soka a tsakiyar mazurarin don ya buɗe hanya. Hanya ta buɗe gaba ɗaya. Takardar ta fashe, ruwa da gari suka rufta cikin tulun lokaci guda, abin da bai samu wuri ba ya yi tsalle ya sauka a gaban farar shadda, daga inda ƙyallen ya ƙare har wuya.

Aka yi dariya har da masu buga cinya. Badaru ya ɗaga hannu.

"Takarda ta masu koyo ce. Ƙwararru da ƙyalle suke tacewa."

Ya zaro hankicinsa daga aljihu, wanda da safe ya zazzaga masa turare ɗan goma, ya shimfiɗa a bakin wani jug, ya juye abin da ke cikin tulun, ya tattara bakin hankicin ya murɗe kamar mai matse wanki. Abin da ya fito baƙi ne mai kauri, da jan mai yana yawo a samansa. Ya cika kofi, ya riƙe da hannu biyu, ya rusuna a gaban Alhaji.

"Sukari fa?" in ji Alhaji.

"Ba a sa mata, Alhaji. Ita da kanta akwai zaƙi a ciki, irin na 'ya'yan itace. Sai mai harshe yake ji."

Alhaji Ɗantsoho ya yi bismillah ya kurɓa. Ya ajiye kofin a hankali. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya, sannan ta ɗayan. Sai atishawa ta zo, ta farko ta kori kazar da ke tsintar gyaɗa a ƙarƙashin dakali, sauran suka biyo a jere har aka gaji da ce masa yarhamukallah.

"Yaya, Alhaji?" in ji Badaru. "Wane ɗan itace ka ji?"

Alhaji ya share fuska da bakin riga. Muryarsa ta dushe. "Na ji barkono. Na ji ƙonannen ƙosai. Daga ƙarshe kuma na ji kamar na lashi liman ranar Juma'a."

"Ruwan ne," in ji Badaru da sauri. "Ruwan garin nan nauyi gare shi. A can ruwan dutse suke amfani da shi."

Nan fa wuri ya ɗauki hayaniya. Mutanen da tun ɗazu dariya kawai suke yi suka taso masa, wai ruwan Daura zai zaga, ruwan da uwarsa ta yi wankan jegonsa da shi. Malam Sada ya ce shi bai ga abin faɗa ba, mai abu ya sha abinsa a gani.

Badaru ya cika kofi. Ya kalli jama'a, ya kalli kofin. Ya rufe ido ya ɗaga kai ya shanye tas, ya kife kofin a kan tebur. Ya buɗe baki zai ce wani abu, ba abin da ya fito sai iska. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ya ɗaga babban yatsa sama alamar daɗi, hawaye na zuba a kan ƙyallen otal.

Ana cikin haka Inna ta leƙo daga zaure, ta yafa mayafi.

"Kai wannan, an kusa kira. Ba ni butata."

Alhaji ya juya a hankali. "Hajiya Adama, wannan butar taki ce?"

"Tawa ce, Alhaji. Aro ya yi."

"Ta alwala ce, ko ta zagayawa?"

"Ai ni guda ɗaya nake riƙewa," in ji Inna. Ta ɗauki abarta ta koma ciki.

Alhaji ya kalli kofin da ya kurɓa. Sannan ya mayar da hularsa, ya nemi sandarsa.

"Saminu, je ka hura gawayi. Ka sa ganye da yawa. Kai kuma Badaru, ƙasar nan da ka je, daga yau ka bar ta a inda ka same ta."

Majalisa ta tashi ta bi Saminu. Badaru ya tattara kayansa shi kaɗai, ya ce wa masu wucewa harshen mutanenmu ne bai waye ba, sai a hankali. Ya ɗauka abin ya ƙare ke nan.

Bayan Magariba aka yi sallama. Ya fito ya tarar da Malam Sada tsaye da kwanon tuwo a hannu. A bayansa ga Saminu da nasa. A bayan Saminu ga wasu magidanta, kowa da kwano, har da Kabo mai inji, wanda ke ta rantsuwa cewa shi ya so ya kankare aka hana shi. Alhaji Ɗantsoho na daga gefe a kan kujerar da aka ɗauko masa.

Malam Sada ya buɗe kwanonsa. Tuwon masara ne, amma launinsa ya koma na ƙasar gini, da baƙaƙen ɗigo-ɗigo.

"An ce mana kai ne ka yi wa unguwa alheri," in ji shi. "Yara sun ƙi ci, uwargida ta ce in kawo wa mai shi. Mu kuma ba ma cin alheri mu kaɗai."

"Malam, ai na ƙoshi."

"Loma ɗaya a kowane kwano," in ji Alhaji. "Ba yawa."

Aka kawo ruwan wanke hannu. Badaru ya zauna, aka jera masa kwanuka. Ya ci na Malam Sada da miyar kuka. Ya ci na Saminu da miyar kuɓewa. Ya ci na dawa, ya ci na gero, kowanne da ɗacinsa da yajinsa da ɗan warin ƙuna a ƙarshe. Duk wanda aka ci nasa sai ya tambaye shi wane ɗan itace ya ji. A kwano na farko Badaru ya ce da an saba za a ji daɗinsa. A tsakiya ya daina magana. Wajen ƙarshe ya fara ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su kawo kwano ba, kallo kawai suka zo.

Da aka watse ya shiga gida yana dafa bango, ya zube a kan tabarma.

"Maman Rauda, don Allah kawo min abincin gida in wanke bakina."

Hadijatu ta kawo kwano ta ajiye a gabansa, ta zuba masa ruwa a kofi, ta koma gefe ta zauna. Ya buɗe. Ya daɗe yana kallon abin da ke ciki.

"Wannan kuma daga gidan wa?"

"Daga gidanka. Robar da ke bayan taka a wurin Kabo tamu ce. Ita ta kwashi mafi yawan alherin."

Badaru ya rufe kwanon. "To a zubar wa kaji, a tuƙa wani."

"Na ba su, sun ƙi. Kuma na wata guda na aika aka niƙo, tun da na ga an kawo wuta."

"Ke da Inna me kuka ci?"

"Taliya," in ji Hadijatu. "Ta ƙare. Ka ci da zafinsa, Baban Rauda, in ya huce ya fi ɗaci."